Ɗaure Hannun Gwamnati da Rubutu: Nazarin Hujjojin Masu Ra'ayin Riƙau na Amurka kan Kasafin Jihohi, Harajin Kadara, Ceton Bankuna da Fassarar Doka

Tsakure

Maƙalar nan ta duba hujjojin da marubuta da 'yan siyasa masu ra'ayin riƙau na Amurka suke kafawa a kan batutuwa huɗu da ake yawan tattaunawa a rarrabe. Ta nuna cewa tushensu ɗaya ne, wato imanin cewa gwamnati ba ta kame kanta sai an rubuta mata iyaka a wurin da gogewa zai yi mata wuya. An bi tarihin basussukan jihohi na shekarun 1840, da Ƙuduri na 13 na Kaliforniya, da ceton bankuna na 2008, da shari'ar fansho ta jihar Ilinoi. Abin da ya bayyana shi ne, rubutacciyar iyaka tana aiki ne a inda wani zai yi asara da gaske idan aka ƙetare ta, kuma nassin da masu wannan ra'ayi suke girmamawa ba kullum yake ba su hukuncin da suke so ba.

Gabatarwa



Duk mai bibiyar sharhin masu ra'ayin riƙau a jaridun Amurka zai lura cewa marubuci guda yakan yi kukan giɓin kasafin jiharsa yau, gobe ya la'anci ceton bankuna, jibi ya nemi a rage harajin gidaje, gata kuma ya zargi alƙalai da ƙirƙirar doka. Wanda bai saba ba sai ya ɗauka ƙorafi ne barkatai. A gaskiya magana ɗaya ce ake maimaitawa. A wurinsu, ɗan siyasa yana kashe kuɗin da ba nasa ba don ya sami ƙuri'a yau, biya kuma ya faɗa kan wanda bai ma kai shekarun zaɓe ba. Nasiha ba ta hana shi, sai dai a rubuta iyaka a kundin tsarin mulki. Iyakar kuma ba ta da amfani idan alƙali zai iya lanƙwasa ta da tawili. Daga nan batun kuɗi ya haɗu da batun fassarar doka.

Ban zo don in yabi wannan ra'ayi ko in kushe shi baki ɗaya ba. Ina so in auna shi da ma'aunin da ya zaɓar wa kansa: shin iyakokin da aka rubuta sun ɗaure hannun da aka so ɗaurewa?

Darasin shekarun 1840

Hujjarsu mafi ƙarfi tsohuwa ce. A shekarun 1830 jihohin Amurka sun ciwo bashi mai yawa, akasari daga masu jari na Ingila da Holan, don haƙa magudanan jiragen ruwa, shimfiɗa layin dogo da kafa bankuna. Da tattalin arziki ya karye bayan rikicin 1837, jihohi takwas tare da yankin Fulorida, wanda bai zama jiha ba tukuna, suka kasa biya a tsakanin 1841 da 1842. Cikinsu akwai Pensilbeniya, Merilan, Misisipi da Ilinoi. An matsa wa Majalisar Dokokin Tarayya ta ɗauke musu nauyin, kamar yadda aka yi a 1790 lokacin da Alexander Hamilton ya sa tarayya ta karɓi basussukan yaƙin neman 'yanci. Wannan karon majalisar ta ƙi.

Ƙin ya yi zafi, amma ya yi tasiri. Jihohin da suka so komawa kasuwar bashi sai da suka ɗora wa jama'arsu haraji, musamman na kadara, suka ci gaba da biya. Bayan haka jihohi suka shiga gyara kundin tsarin mulkinsu ɗaya bayan ɗaya. Na New York na 1846 ya tanadi cewa ba za a ci babban bashi ba sai da amincewar masu zaɓe, tare da fayyace harajin da zai biya shi. Daga wannan zamani ne aka gaji al'adar da ta sa yau kusan kowace jiha, in ban da Bamont, take da wani nau'in tilascin daidaita kasafi.

Abin lura a nan shi ne tsarin aukuwar abubuwan. Asara ce ta fara zuwa, rubutu ya biyo baya. Jihohi sun ɗaure kansu ne saboda sun tabbatar babu mai ceto, kuma masu ba da bashi sun tabbatar da haka. Masu sharhin yau sukan ambaci rubutun su manta da abin da ya ba shi haƙora.

Ƙuduri na 13: iyakar da ta sauya wa iko mazauni

A ranar 6 ga Yunin 1978 masu zaɓe a Kaliforniya suka amince da Ƙuduri na 13 da kusan kashi 65 cikin 100 na ƙuri'u. Howard Jarvis da Paul Gann ne suka jagoranci yaƙin. Kukan da ya haifar da shi na gaske ne, bai kamata a raina shi ba. Farashin gidaje ya yi ta hauhawa a shekarun 1970, ana ƙiyasta haraji bisa farashin kasuwa, sai tsohon da ya gama biyan gidansa yana zaune kan fansho ya ga takardar haraji tana ninkuwa alhali ko sisi bai ƙaru a aljihunsa ba. A lokaci guda kuma baitulmalin jihar yana riƙe da rarar biliyoyin daloli.

Ƙudurin ya yi abubuwa huɗu. Ya tsayar da harajin kadara a kashi 1 cikin 100 na ƙimarta. Ya mayar da ƙimar zuwa yadda take a 1975. Ya hana ƙimar ƙaruwa fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara, sai in an sayar da kadarar ko an yi sabon gini, a nan ne ake sake ƙiyasta ta da farashin ranar. Sannan ya ce majalisar jiha ba za ta ƙara haraji ba sai da rinjayen kashi biyu cikin uku. Kuɗin shiga daga harajin kadara ya faɗi da fiye da rabi nan take. Guguwar ta bazu: Masacusets ta yi nata a 1980, Kolorado kuma a 1992 ta tanadi cewa ba a ƙara haraji sai da ƙuri'ar jama'a.

To, me ya biyo baya? Gundumomi, birane da hukumomin makarantu su ne suke rayuwa da harajin kadara. Cikin makonni kaɗan gwamna Jerry Brown da majalisar jiha suka kwashi rarar nan suka cike musu giɓi, a 1979 kuma aka mayar da tsarin na dindindin. Wato matakin farko da babbar nasarar masu adawa da ceto ta haifar shi ne ceto. Daga nan rabon harajin kadara tsakanin ƙananan hukumomi ya koma hannun majalisar da ke Sakaramento. Masu ra'ayin riƙau sun daɗe suna cewa mulkin da ya fi kusa da jama'a shi ya fi, amma ƙudurinsu ya kwashe ikon kuɗi daga hukumar makarantar unguwa ya kai shi babban birnin jiha. Da jihar ta koma dogaro da harajin kuɗin shiga, wanda kaso mai tsoka nasa ke fitowa daga ribar hannun jarin attajirai, sai kasafinta ya riƙa hawa da sauka da kasuwar hannun jari. A 1988 masu zaɓe suka sake rubuta wata iyaka, Ƙuduri na 98, wanda ya keɓe wa ilimi kusan kashi 40 cikin 100 na babban asusun jiha. An ɗaure hannun karɓa, an kuma ɗaure hannun bayarwa, aka bar 'yan majalisa da ɗan abin da ya rage a tsakiya.

Matsalar adalci ta fi wannan fitowa fili. Stephanie Nordlinger ta sayi gida a Los Anjalis a 1988 kan dala 170,000, sai ta tarar harajinta ya ninka na maƙwabtanta masu irin gidanta kusan sau biyar, don kawai sun riga ta saye. Ta kai ƙara tana cewa an saɓa wa tanadin daidaito a gaban doka. A 1992 Kotun Ƙoli ta Amurka, da rinjayen alƙalai takwas a kan ɗaya, ta ce tsarin ya halatta, domin jiha tana da dalili karɓaɓɓe na kare zaman unguwanni da kare wanda ya daɗe a gidansa. Alƙali John Paul Stevens kaɗai ya saɓa, yana ganin an ƙirƙiri wani rukunin masu gata na gado. Abin sha'awa ga mai nazarin fassarar doka shi ne, shekara uku kafin nan kotun ta soke irin wannan bambanci a wata gunduma ta Bajiniya ta Yamma. Bambancin shari'o'in biyu shi ne, can jami'in ƙiyasi ne ya yi gaban kansa alhali kundin jiharsa ya ce a daidaita, nan kuwa bambancin a rubuce yake cikin kundin. Rashin adalcin iri ɗaya ne. Rubutu ne ya halatta ɗaya.

A 2003 attajiri Warren Buffett ya bayyana cewa harajin da yake biya kan gidansa na miliyoyin daloli a gaɓar tekun Kaliforniya bai kai wanda yake biya kan gidansa na Omaha ba, wanda ƙimarsa ba ta kama ƙafar wancan ba. Maganar ta tayar da ƙura, ba ta sauya komai ba. Kamfanoni ma suna cin wannan gajiya, kuma yunƙurin raba kadarorin kasuwanci da gidajen zama ya faɗi a ƙuri'ar 2020. A ganina wannan ne wuri mafi rauni a hujjar masu ra'ayin riƙau. Milton Friedman, wanda ya goyi bayan ƙudurin, shi ne kuma ya taɓa cewa harajin da ke kan ƙimar fili shi ne mafi ƙarancin illa cikin haraji, tunda fili ba ya gudu kuma harajinsa ba ya hana kowa aiki. Tsarin da ke hukunta matashi mai sayen gidan farko, ya hana tsoho ƙaura don tsoron sabon ƙiyasi, da wuya a kira shi tsarin kasuwa.

Ba a nan kaɗai suka tsaya kan harajin kadara ba, kuma adalci ne a faɗi inda suka yi daidai. A 2023 Kotun Ƙoli baki ɗaya ta hukunta cewa wata gunduma a Minesota ta ci haƙƙin wata tsohuwa 'yar shekara 94, da ta sayar da gidanta kan dala 40,000 don bashin haraji na dala 15,000 ta kuma riƙe ragowar. Lauyoyi masu kare haƙƙin mallaka ne suka tsaya mata.

2008: ranar da ƙa'ida ta gamu da gobara

Hujjarsu kan ceton bankuna ita ce ta 1840 a sabuwar riga. Idan banki ya san riba tasa ce, asara kuma ta mai biyan haraji, zai yi kasadar da ba zai yi da kuɗinsa ba, masu ba shi bashi kuma za su daina sa ido. Hujjar tana da nauyi. Matsalarta ita ce gwamnatocin jam'iyyarsu ta Rifablikan ne suka fi karya ta. A zamanin Ronald Reagan aka ceci bankin Continental Illinois a 1984, inda maganar bankin da ya fi ƙarfin a bar shi ya faɗi ta shiga bakin jama'a. A zamanin George W. Bush aka yi babban ceton.

An gwada ƙa'idar sau ɗaya. Ranar 15 ga Satumban 2008 aka bar bankin Lehman Brothers ya rushe. Kashegari Babban Bankin Amurka ya ba kamfanin inshora na AIG rancen dala biliyan 85. Sakataren baitulmali Henry Paulson ya kai wa majalisa daftari mai shafi uku yana neman dala biliyan 700, da sharaɗin cewa babu kotun da za ta binciki yadda ya kashe su. Ranar 29 ga Satumba Majalisar Wakilai ta yi watsi da ƙudurin da aka gyara, da ƙuri'u 228 a kan 205, kuma 'yan Rifablikan 133 ne suka juya wa shugabansu baya. A ranar ma'aunin hannun jari na Dow Jones ya faɗi da maki 777. Bayan kwana huɗu majalisar ta amince, aka haifi shirin ceto na TARP.

Wurin da ya shafi fassarar doka shi ne abin da ya faru a Disamba. Dokar ta ba da izinin taimakon cibiyoyin hada-hadar kuɗi. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da wata doka ta dabam don ceton kamfanonin motoci. Mako guda bayan haka fadar shugaban ƙasa ta ware wa General Motors da Chrysler dala biliyan 17.4 daga kuɗin TARP, bisa fahimtar cewa ma'anar cibiyar kuɗi a dokar tana da faɗin da zai ɗauki mai ƙera mota. Gwamnatin da ta naɗa alƙalai don su tsaya kan zahirin nassi ita ce ta yi wannan tawili. Bush da kansa ya amsa a wata hira cewa ya ajiye ƙa'idojin kasuwa ne don ya ceci tsarin kasuwar. Haka kuma a 2015 wani alƙalin tarayya ya ce gwamnati ta wuce ikonta da ta karɓi kusan kashi 80 cikin 100 na hannun jarin AIG, amma bai ba masu hannun jarin da suka kai ƙara ko dala ɗaya ba, tunda da ba a yi ceton ba da jarinsu ya zama toka.

Bankuna sun mayar da kuɗin da aka zuba musu har da riba, masu kare shirin kuma sukan tsaya nan. Masu ra'ayin riƙau suna amsawa cewa ainihin farashin ba ya cikin lissafin baitulmali, yana cikin abin da kasuwa ta koya. Ina ganin sun yi gaskiya a wannan. Da bankin Silicon Valley ya durƙushe a Maris ɗin 2023, an biya duk masu ajiya har waɗanda kuɗinsu ya haura iyakar inshora ta dala 250,000. Fushin 2008 ya haifi ƙungiyar Tea Party, ya kuma ci kujerar Sanata Bob Bennett na Yuta a 2010, amma bai dawo da tsoron asara ba.

Mu a nan Nijeriya mun ga reshen wannan rikici. A 2009 Babban Bankin Nijeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya zuba naira biliyan 620 a bankunan da suka raunana, aka kafa hukumar AMCON mai sayen munanan basussukan bankuna a 2010. Bambancin da ya cancanci nazari shi ne, a nan an sauke shugabannin bankuna takwas, wato an ceci masu ajiya an bar asarar muƙami ta tabbata. Sai dai kwatancen bai da nisa, musamman kan jihohi, domin jihohinmu da aka ba tallafin biyan albashi a 2015 da rabon asusun tarayya suke rayuwa, ba da harajin da suka tara da kansu ba.

Nassi ba shi da jam'iyya

Tun kafa ƙungiyar lauyoyi ta Federalist a 1982, da jawabin ministan shari'a Edwin Meese a 1985, da naɗin Antonin Scalia a Kotun Ƙoli a 1986, matsayin masu ra'ayin riƙau a fili yake. Alƙali ya bi kalmomin doka bisa ma'anar da aka san su da ita lokacin rubutawa. Idan sakamakon bai yi daɗi ba, gyara aikin majalisa ne ko na masu zaɓe. An gina wannan matsayi ne don taka wa alƙalai masu sassaucin ra'ayi birki, kuma a fagen kuɗi an yi ta kukan kotunan jihohi da ke umartar majalisu su ƙara kuɗin makarantu. A Kansas, bayan gwamna Sam Brownback ya zaftare harajin kuɗin shiga a 2012 kuma kuɗin shigar jihar ya faɗi, irin waɗannan hukunce-hukunce suna cikin abin da ya matsa wa majalisar da 'yan jam'iyyarsa suka mamaye ta soke ragin a 2017, duk da ƙin sa hannunsa.

Ilinoi ce ta gwada gaskiyar matsayin. Shekaru da dama gwamnatocin jihar, na jam'iyyun biyu, suna daidaita kasafi a takarda ta hanyar ƙin zuba cikakken kasonsu a asusun fansho. Tilascin daidaita kasafi bai hana ba, domin alƙawarin da za a biya bayan shekara talatin ba ya fitowa a kasafin bana. Giɓin ya haura dala biliyan 100. A 2013 majalisa ta yi dokar rage ƙarin kashi 3 cikin 100 da ake yi wa 'yan fansho duk shekara, ta kuma ɗaga shekarun ritaya ga wasu ma'aikata. Masu sharhi na ɓangaren riƙau, da suka daɗe suna neman gyara, wasunsu ma cewa suka yi dokar ba ta isa ba.

Amma kundin tsarin mulkin jihar na 1970 ya ce shiga tsarin fansho yarjejeniya ce mai ɗaurewa, kuma ba za a rage amfaninta ko a tauye shi ba. Lauyoyin jiha suka roƙi kotu ta dubi lalura: asusu ya kusa ƙafewa, gwamnati tana da ikon ɗaukar matakin gaggawa. Wannan roƙo ne na a fifita manufa da halin da ake ciki a kan lafazi, irin abin da Scalia ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa. A Mayun 2015 Kotun Ƙolin jihar baki ɗaya ta soke dokar. Alƙali Lloyd Karmeier, ɗan Rifablikan, shi ya rubuta hukuncin. Ya nuna cewa waɗanda suka rubuta tanadin a 1970 sun san halin 'yan siyasa na ƙin biyan kason fansho, don haka ma suka rubuta shi, kuma jihar da ta bar ƙarin harajinta na wucin gadi ya ƙare ba za ta ce ba ta da wata hanya ba.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya yi murna da hukuncin Nordlinger saboda abin a rubuce yake, ba shi da bakin kukan hukuncin Ilinoi. Hanyar da aƙidarsu ta yarda da ita ita ce gyaran kundin, kamar yadda masu zaɓen Arizona suka yi a 2016 kan fanshon 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. A Ilinoi ba a yi ba. Abin da ya biyo baya shi ne shekara biyu, daga 2015 zuwa 2017, jihar ba ta da cikakken kasafi saboda takun saƙa tsakanin gwamna Bruce Rauner da majalisa.

Da ƙofar kotu ta rufe, wasu suka koma neman a ba jihohi damar ayyana karayar arziki, abin da dokar tarayya ta yarje wa birane da sauran ƙananan hukumomi kawai, kamar yadda Detroit ta yi a 2013. Jeb Bush da Newt Gingrich sun ba da wannan shawara tun 2011, Sanata Mitch McConnell ya sake ta da ita a Afrilun 2020. Shawarar tana neman dawo da asarar 1840, amma tana buƙatar alƙalin tarayya ya zauna a kan kasafin jiha mai cin gashin kanta, ya kuma warware alƙawarin da kundinta ya ce ba ya warwaruwa. Ba ta je ko'ina ba. A shekarar annobar korona Ilinoi ce jiha tilo da ta ci bashi daga shirin gaggawa na Babban Bankin Amurka, dala biliyan 3.2. A 2021 kuma majalisar tarayya ta ware wa jihohi da ƙananan hukumomi dala biliyan 350, da sharuɗɗa biyu: kada a zuba kuɗin a asusun fansho, kada kuma jiha ta yi amfani da su wajen cike gurbin rage haraji. Jihohin da 'yan Rifablikan ke mulki sun karɓi kasonsu, sannan da dama daga cikinsu suka kai ƙara kan sharaɗi na biyu. Wasu kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya sun ba su gaskiya, bisa dalilin cewa majalisa ba ta rubuta sharaɗin a fayyace ba.